Rinin ƙwan biki: kalar abinci, ɓawon albasa, kakin zuma ko fenti?

Duk wanda ya yi niyyar yi wa ƙwai ado saboda biki, da ya fara tambaya sai shawarwari su yi masa yawa. Wannan ya ce a sayo kalar abinci a gama cikin minti biyar, wancan ya ce ai babu kamar ɓawon albasa, wata kuma ta nuna masa hoton ƙwan Yukren mai zane kamar saƙar darduma har ya raina nasa tun bai fara ba. Duk hanyoyin nan suna aiki, sai dai ba buƙata ɗaya suke biya ba. Tambayar da ke raba su ita ce: ƙwan nan ci za a yi, ko ajiyewa? Wanda ya amsa ta kafin ya ɗora tukunya, rabin ruɗaninsa ya ƙare.

Masu wannan al'ada sun daɗe da gane haka. Mutanen Yukren suna da suna biyu. Krashanka dafaffen ƙwai ne mai launi ɗaya, a rina shi a ci. Pysanka shi ne mai zane, ba a dafa shi, ba a kuma cin sa, kyauta ake bayarwa a adana. A Girka jan ƙwai ake rinawa ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Ista, ranar Ista kuma kowa ya gwara nasa da na ɗan'uwansa a ga na wa zai fara fashewa, sannan a cinye. Iraniyawa suna jera ƙwai masu launi a kan teburin Nowruz, bikin sabuwar shekararsu, mutanen Masar kuma suna rina nasu don bikinsu na Sham el-Nessim. Bikin ya bambanta, amma halin ƙwai ɗaya ne a ko'ina.

Ma'aunin da na bi

Na farko kuma babba shi ne ciwuwa. Ɓawon ƙwai ba kwalba ba ne. Yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke samun iska kafin ƙyanƙyasa. Abin da aka jiƙa ƙwai a cikinsa yana iya ratsawa, balle idan ɓawon ya tsage wajen dafuwa. Wanda ya taɓa ɓare rinannen ƙwai ya tarar da zanen launi kamar jijiyoyi a jikin farin, ya ga shaida. Saboda haka ƙwan da za a ci, ba a kusantar da shi da duk abin da ba za a iya sa wa a baki ba.

Na biyu shi ne ƙarko, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa, domin tafasa tana wanke siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawon. Ka'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce kada dafaffen ƙwai ya wuce awa 2 a waje, awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, kuma a cikin firiji mako ɗaya ne iyakarsa. Ƙwan da ya wuni a kan tebur yana ado, ya tashi daga abinci. Ɓawon da aka zuƙe cikinsa kuwa yana iya shekaru masu yawa, muddin bai faɗi ba.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin kayan aiki, lokacin da aikin ke ci, ƙwarewar da yake nema (har da ko yara za su iya sa hannu), sai haɗari da ɓarna: wuta, tafasasshen ruwa, da tabon da ba ya fita a riga.

Akwai abu guda da kusan duk hanyoyin rini suka yi tarayya a kai, wato ruwan khal, wanda wasu ke kira finiga. Ɓawon ƙwai kusan kashi 95 cikin 100 sinadarin alli ne, da ɗan siririn furotin a samansa. Tsamin khal ne ke sa rini ya kama wannan furotin. Amma tsamin nan kuma yana cin allin. Idan ka ga ƙwai ya cika da ƙananan kumfa a cikin kofi, khal ya yi yawa, kuma launin zai fito dabbare-dabbare, wani wurin ma ya saɓule kamar fata. Farin khal ake so. Sannan farin ƙwai shi ke nuna launi yadda yake. Mai jan ɓawo yana duhunta komai: ja ya ƙara nuna, rawaya ta ɓace, shuɗi ya koma wani kore mai datti.

Kalar abinci

Wannan ita ce hanyar mai gaggawa. A zuba rabin kofi na ruwan zafi, ƙaramin cokali ɗaya na khal, da ɗigo 10 zuwa 20 na kala. A tsoma dafaffen ƙwai kamar minti 5, a tsamo da cokali, a ɗora shi ya bushe. Akwai kuma ƙwayoyin rini da ake sayarwa a kwali musamman don wannan aiki. Wani mai shagon magani a Newark ta Amurka, William Townley, shi ya fara haɗa irinsu a ƙarshen ƙarni na 19 da sunan PAAS, kuma har yau ana yin su. Aikinsu ɗaya da kalar kwalba, illa an auna maka.

Kuɗinta kaɗan ne, kwalba ɗaya tana rina ƙwai da yawa ta kuma rage. Launin yana fitowa tar, kuma abin da ka haɗa shi za ka gani, babu mamaki. Da ja, rawaya da shuɗi kawai ana samun lemo, kore da shunayya. Ana cin ƙwan tunda kalar ta abinci ce. Yara suna iya yi, in dai babba ne ke riƙe da butar ruwan zafi.

Aibinta biyu. Tana kama yatsu da tebur, don haka a shimfiɗa tsohuwar jarida. Sannan ƙwan yakan fito fili, launi ɗaya ba wani labari, irin wanda za a kalla sau ɗaya a wuce. Ana gyara wannan da 'yan dabaru marasa tsada. A naɗa wa ƙwan robar ɗaure kuɗi kafin a tsoma, inda robar ta kwanta zai zauna fari. A rubuta suna da guntun farin kyandir, rini ba zai kama rubutun ba. Ko a tsoma rabin ƙwan a launi ɗaya, rabin a wani, tsakiyar ta ba da na uku.

Rinin tsirrai

Nan zuciyata ta fi karkata, kuma ba zan ɓoye ba. Tsarin ɗaya ne ga duk tsirran: a tafasa kayan rinin a ruwa minti 15 zuwa 30, a tace, a zuba babban cokali ɗaya na khal ga kowane kofi na ruwan, sannan a jiƙa ƙwan. Wanda zai ci ƙwan, cikin firiji zai bar shi ya jiƙu. Tukunyar kuma gara ta silba mara tsatsa ko mai rufin tangaran, domin ta alminiyam da ta baƙin ƙarfe suna canza launi.

Amma tsirran ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma a nan ake yaudarar mutane da hotuna.

Busasshen ɓawon albasa shi ne sarki. Ba ya ƙi. Na albasa mai ruwan ƙasa yana farawa da ruwan zinariya, ya koma lemo, idan an daɗe ya zama ja mai duhu kamar jan katako. Na jar albasa yana ba da ruwan ƙasa mai zurfi. Ba ya ma buƙatar jiƙo na dare, ana iya dafa ɗanyen ƙwai kai tsaye a cikin ruwan ɓawon. Kuɗinsa kuwa babu, abin da ake zubarwa ne. Wahalarsa kawai tarawa, domin ɓawon albasa goma ba ya cika hannu biyu, sai an fara ajiyewa makonni kafin biki.

Kurkum shi ne na biyu a biyayya. Babban cokali biyu na garinsa a kofi biyu na ruwa yana ba da rawaya mai haske cikin ƙasa da awa guda. Sai dai yana rina cokalin katako da farce yadda yake rina ƙwai, kuma rana tana kashe launinsa da sauri.

Jan kabeji shi ne mai abin mamaki. Ruwansa shunayya ne, da an zuba khal sai ya yi ja-ja. Ranar da na fara gwadawa na tsoma ƙwai uku, na duba bayan rabin awa na ga kamar ban yi komai ba, wani fari mai toka-toka. Na kusa zubarwa. Na tura kwanon firiji don haushi na kwanta. Da safe na tsamo su shuɗaye, shuɗin sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Dalili shi ne sinadarin launin kabejin yana sauyawa gwargwadon tsamin wurin da ya samu kansa, kuma allin ɓawon ƙwai kishiyar tsami ne. Ƙwan da aka fara rinawa da kurkum sannan aka kwanar a ruwan kabeji, kore yake fitowa, kuma wannan ce hanya mafi tabbas ta samun kore. Ganyayen da ake cewa suna ba da kore, yawancinsu ɗan dishi-dishi kawai suke bari.

Busasshen soɓorodo ma yana yaudara. Ruwansa ja wur, amma ƙwan yakan fito ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, wani lokaci kusan baƙi, kuma da yake shi kansa yana da tsami, a rage khal. Bitirut, wata jar saiwa da ake ci, shi ne ya fi ba ni kunya: yana rina hannu ja, a kan ƙwai kuwa ɗan ruwan hoda ne da ke komawa ruwan ƙasa idan ya bushe. Gahawa da baƙin shayi suna ba da ruwan ƙasa mai kyau, amma wanda ƙwansa dama mai jan ɓawo ne bai ƙaru da komai ba.

Abin da ya ɗaga ɓawon albasa sama da sauran shi ne hoton ganye. A samo ƙaramin ganye mai kyan siffa, kamar na faski, a jiƙa shi da ruwa ya manne a jikin ɗanyen ƙwai. A yanko guntun tsohuwar safar nailan mai shara-shara, a ja ta ta rungume ƙwan tam, a ɗaure da zare ta baya. A dafa cikin ruwan ɓawon albasa minti 15 zuwa 20 a kan wuta kaɗan. Idan ya huce a yanke safar a ɗage ganyen. Siffarsa za ta zauna fara a kan jan ƙwai, har da 'yan jijiyoyinsa. Wanda bai iya zana ko da'ira ba yana fitar da abin da za a tambaye shi inda ya saya. Ɗigon man girki a tsumma a goge, sai ƙwan ya ɗau sheƙi.

Ga aibin hanyar. Tana cin lokaci, ban da albasa da kurkum sauran sai sun kwana. Launin ba ya maimaituwa, ƙwai biyu a kwano ɗaya kowa da irin nasa. Yana da rauni yana jiƙe, idan aka goge shi da tsumma sai ya tafi, don haka a bar shi ya sha iska. Ƙwan da ya daɗe a wuta kuma gwaiduwarsa takan yi koren zobe a gefe, ba cuta ba ce, amma ba kowa ke son gani ba. Warin dafaffen kabeji ma a yi masa shiri.

Kakin zuma

Wannan ita ce hanyar pysanka, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a watan Disamba na 2024. Sunan ya fito daga kalmar da ke nufin rubutawa, kuma masu yi ba sa cewa sun zana ƙwai, cewa suke sun rubuta shi. Akwai gidan tarihi guda a garin Kolomyia da aka gina da siffar ƙwai saboda wannan sana'a kaɗai.

Dabarar irin ta batik ce, wato rinin yadi da kaki na Indonesiya. Kaki ba ya barin rini ya ratsa, don haka duk inda aka rufe da kaki launin da ke ƙasa zai tsira. Alƙalamin aikin sunansa kistka, ɗan ƙaramin mazurari na ƙarfe a bakin sanda. A ɗumama shi a kyandir, a ɗebi kakin zuma (yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64), a ja layi. Duk layin da aka fara ja zai zauna fari. A tsoma a rawaya, a rufe inda ake son rawaya ta zauna. A tsoma a lemo, a rufe. Sai ja, sai baƙi a ƙarshe. Kullum daga mai haske zuwa mai duhu. Kafin a gama, ƙwan ya zama baƙi ƙirin, duk ya cuɗe da kaki, babu kyan gani. Sai a kara shi gefen harshen kyandir, a riƙa goge narkakken kakin da tishu, zanen yana bayyana kaɗan-kaɗan. A gefe ake karawa, wanda ya ɗora shi saman harshen wuta hayaƙi zai ɓata masa aiki.

Babu hanyar da ta kai ta kyau, kuma babu wadda ta kai ta neman haƙuri. Ƙwai ɗaya yana iya cin awa biyu ko fiye. Kuskure ba ya gyaruwa, inda kaki ya ɗiga ya ɗiga, ko an kankare tabon na nan. Ita ce kuma ta fi tsada, domin sai an sayi alƙalamin, da kakin, da rini na musamman. Rinin da masu sana'ar ke amfani da shi yau ba na abinci ba ne, saboda haka ƙwan ba ya ciwuwa. Kyandir ɗin haske ba ya maye gurbin kakin zuma a layi mai siriri, ba ya kama ɓawo sosai.

Wanda bai shirya sayen kistka ba yana da mafita. A soka allura mai kai a jikin robar gogewa ta fensir, a tsoma kan a narkakken kaki, a ɗiga a kan ƙwai a ja da sauri. Kowane ja yana barin siffar ɗigon hawaye, kuma da su ake haɗa rana, fure ko zobe. Haka ake yi a sassan Foland da Slobakiya. Da kalar abinci da tsabtataccen kakin zuma a kan dafaffen ƙwai, wannan sigar tana ciwuwa, in an yi ta da hanzari an mayar firiji.

Tunda ƙwan ajiya ake magana, dole a san zuƙe ciki. A huda ƙwan da allura, a zura ta a fasa gwaiduwa, a tura iska da sirinji har cikin ya fito. Kada a busa da baki, ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela. A ɗauraye cikin da ruwa da ɗan khal, a kife shi ya bushe kwana biyu. Ɓawon da ba komai cikinsa yawo yake a saman rini, sai an danne shi da cokali, kuma sai an toshe hudar da kaki don kada rini ya shiga. Kashedi daga wanda ya ji a jikinsa: a buɗe hudar kafin a kai ƙwan kusa da wuta. Na manta sau ɗaya, iskar ciki ta yi zafi ta kumbura, aikin yamma guda ya tarwatse a tafin hannuna.

Tsohon siliki

A yanko ƙyallen siliki mai zane, tsohon nakatayi ko gyale, a naɗe ɗanyen ƙwai da fuskar zanen tana kallon ɓawo, a ɗaure tam, a ƙara naɗewa da farin ƙyalle. A dafa minti 20 a ruwan da aka zuba wa rubu'in kofi na khal. Zanen ƙyallen sai ya koma jikin ƙwai.

Ba ta neman ƙwarewa ko kaɗan, kuma idan ta yi kyau tana ba da mamaki. Sharaɗin shi ne silikin ya zama na gaske, na roba ba ya sakin komai. Ana gane shi da ƙona zare ɗaya: na gaske yana warin ƙonannen gashi ya bar toka, na roba yana narkewa ya dunƙule. Ƙyalle mai duhu, ja ko shuɗi, ya fi bayarwa. Inda ƙyallen ya tattare, wurin fari zai fito. Ba a cin ƙwan, domin babu wanda ya san irin rinin da masaƙa ta yi amfani da shi. Nan ne rauninta: dafaffen ƙwai ne da ba ya ciwuwa, kuma ba ya ajiyuwa sosai, sai dai a yi da zuƙaƙƙen ɓawo a danne shi a tukunya. Wanda sai ya sayi sabon siliki don wannan, ya bari.

Zanen marmara

Iri uku ne, kuma sun yi nisa da juna wajen haɗari. Mafi sauƙi shi ne a zuba babban cokali ɗaya na man girki a kwanon kalar abinci, a motsa, a mirgina ƙwan da aka riga aka rina da launi mai haske. Inda mai ya taɓa, sabon launin ba zai kama ba. Ana ci.

Na biyu, a shimfiɗa bugaggen kirim na madara a faranti, a ɗiɗɗiga kala, a ja da tsinke, a mirgina ƙwan da aka ɗan jiƙa a khal, a bar shi kamar minti 15 a firiji, a ɗauraye. Launin ba ya da ƙarfi, amma yara sun fi son wannan fiye da komai, don dalilin da iyaye za su gane wajen wanke-wanke. Wasu suna yi da kumfar aski, wadda ta fi riƙe siffa. Da ita ƙwan ya fita daga abinci.

Na uku jan farce ne da ake ɗigawa a saman ruwa a tsoma ƙwai. Shi ya fi sheƙi, shi ya fi ƙarko, amma yana da wari mai hawa kai, yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, kuma ba na yara ba ne. A yi shi a kan zuƙaƙƙen ɓawo, taga a buɗe, da safar hannu.

Fenti, liƙi da karce

Fentin akirilik, alƙalamin maka, gam, ƙyalƙyali, duk na ƙwan ajiya ne. Amfaninsu shi ne babu tukunya babu ruwan zafi, kuma kuskure yana rufuwa da wani fentin. Ga ƙananan yara ma gara a ba su ƙwan katako ko na roba, su matse yadda suke so. Liƙa yankakkiyar tishu mai zane da burushi yana ba da ƙwai kamar tangaran, kuma hannun da ba ya zane ma yana iyawa.

Karce kuwa ya cancanci a san shi. A rina ƙwai ya yi duhu da ɓawon albasa, sannan a kankare zane da tsinin allura ko bakin reza, farin ɓawon yana fitowa. Mutanen Foland suna kiran irinsa drapanki. Kayan aikinsa kusan kyauta ne, kyansa yana gogayya da na kaki, amma yana son hannu mai natsuwa da ɓawo mai kauri. Ƙwan agwagwa ko na dinya ya fi jurewa.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Wahala | Ana ci? | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kalar abinci | Kaɗan | Mintuna | Babu | E | Tabo a hannu da tufafi |
| Ɓawon albasa da ganye | Kusan babu | Awa ɗaya | Kaɗan | E | Tafasasshen ruwa |
| Kabeji, soɓorodo, kurkum | Kaɗan | Awa ɗaya zuwa kwana | Kaɗan | E, in a firiji ya jiƙu | Launi ya ƙi fitowa |
| Kakin zuma | Mai yawa | Awanni ga ƙwai ɗaya | Sosai | A'a, sai in da kalar abinci aka yi | Wuta, fashewa |
| Siliki | Babu, in akwai tsoho | Ƙasa da awa | Kaɗan | A'a | Silikin jabu |
| Marmara da mai ko kirim | Kaɗan | Rabin awa | Babu | E | Ɓata wuri |
| Marmara da jan farce | Matsakaici | Mintuna | Matsakaiciya | A'a | Wari |
| Fenti da liƙi | Matsakaici | Yadda aka so | Kaɗan | A'a | Fashewar ɓawo |
| Karce | Kusan babu | Awa ko fiye | Sosai | Gara a ajiye | Yankan reza |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai yara ƙanana da biki gobe, ya ɗauki kalar abinci, ya haɗa da roba da guntun kyandir. Yaro ɗan shekara biyar ba zai jira kabeji ya kwana ba, kuma launin da ya fito nan take shi ne abin da zai tuna. In akwai ƙarfin wanke-wanke, a ƙara marmarar kirim.

Mai son ƙwan da za a ɗora a tebur a yaba sannan a ci, ɓawon albasa da ganye ne nasa. Da za a ce in zaɓi hanya ɗaya tak ga yawancin mutane, ita zan zaɓa, domin ita kaɗai ta haɗa arha, ciwuwa da kyan da ba ya neman gwaninta. Wanda ke son kwandonsa ya yi launuka, ya ƙara kurkum da jan kabeji, ya fara tun jajibiri, ya ƙyale bitirut.

Mai neman kyautar da za a ajiye shekaru, kakin zuma ko karce, a kan zuƙaƙƙen ɓawo. Kada ya fara a makon biki. Ya ware ƙwai shida na koyo, ya soma da launi biyu da allura mai kai kafin ya kashe kuɗi a kan kistka. Idan an gama a shafa masa man sheƙi irin na katako, a ajiye inda rana ba ta bugawa.

Mai adon ɗaki kawai, wanda hoto da kallo ne buƙatarsa, siliki ko jan farce za su ba shi abin da yake so cikin yamma ɗaya.

Wanda kuma gidansa ya haɗa duka, masu ci da masu ajiya, ya yi kwando biyu, kada su haɗu. Na ci ya zauna a firiji sai lokacin ci ya yi. Na ado a ɗaura wa kowanne ɗan zare ko a yi masa alama a gindi, domin baƙo da yaro ba su san wanne aka tsoma a jan farce ba.